Mata Masu Dubara: Tarihin Asusun Matan Karkara a Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

Idan ana maganar ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke aikin raya karkara, abin da ya fi zuwa wa mutane a rai shi ne tallafin da ake kawowa daga waje: buhunan hatsi, rijiyoyi, ko gine-ginen makarantu. Amma ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa a nahiyar Afirka bai zo da ko sisin kwabo na jari ba. An fara shi ne a ƙasar Hausa, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, cikin shekarar 1991, kuma sunan Hausa aka raɗa masa: Mata Masu Dubara. "Dubara" ita ce "dabara" a karin harshen mutanen yankin.

Halin da Ake Ciki Kafin 1991

An kafa ƙungiyar CARE a Amurka a 1945 domin aika ƙunshin abinci ga mutanen Turai da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita. Ta shiga Nijar a 1974, bayan babban farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel. Daga cikin ayyukanta na farko akwai dashen layukan itatuwan bedi, wato darbejiya, a kwarin Majiya, domin kare gonaki daga iska. Shekara goma bayan haka, a 1984, wani farin ya sake aukuwa.

A daidai wannan zamani ne farashin ma'adinin yuraniyam, wanda ƙasar ta dogara da shi, ya faɗi. Cibiyoyin ba da rance na gwamnati suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya rufe a 1990. Ko lokacin da bankunan ke tsaye, macen ƙauye ba ta da hanyar isa gare su: ba ta da takardar gona, ba ta karatun boko, kuma bankin yana birni. Idan ciwo ya kama yaro ko hatsi ya ƙare, sai ta sayar da akuyarta da arha, ko ta ci bashi a hannun ɗan kasuwa a kan za a biya da hatsi da kaka.

Daga Adashi Zuwa Akwati

Mata ba su rasa tasu hanyar ba. Tun kaka da kakanni akwai adashi, wanda a Nijar aka fi kira asusu: kowa ta zuba, mutum ɗaya ta kwashe, a yi ta zagayawa. Sai dai adashi yana da nasa rauni. Kwasa ba ta zuwa lokacin da buƙata ta taso, sai lokacin da layi ya zo. Kuɗin ba ya ƙaruwa. Kuma komai ya rataya ne a kan amanar uwar adashi.

Wata ma'aikaciyar CARE 'yar ƙasar Norwe, Moira Eknes, ita ce ta yi aiki da matan ƙauyukan Maraɗi wajen yi wa wannan al'ada kwaskwarima. Maimakon a kwashe zubi kowane mako, sai a tara shi wuri ɗaya. Mata kimanin 15 zuwa 30 da suka san juna sukan haɗu, su zaɓi shugaba da ma'ajiya da masu ƙirga kuɗi, su tsara dokokinsu da kansu. Kowane mako ana zama, kowa ta zuba abin da aka amince. Idan kuɗi ya taru, mai buƙata sai ta karɓi rance na ɗan gajeren lokaci, ta mayar da ɗan ƙari. Ragowar kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A ƙarshen zango, wanda bai cika wuce shekara ba, sai a raba uwar kuɗi da riba, a sake sabon zubi.

Da yake mafi yawan matan ba su iya rubutu ba, a farkon lamari da ka ake riƙe lissafi. Zubin kowa daidai yake da na 'yar'uwarta, ana kuma bayyana abin da ke cikin akwati da babbar murya a ƙarshen zama, a sake tambaya a farkon zama na gaba. Abin da CARE ta kawo shi ne horo kawai, na wasu watanni, sannan ta janye. Daga baya aka horar da wasu matan ƙauye su riƙa kafa sababbin ƙungiyoyi, ƙungiyoyin ne kuma ke biyansu ladan aikinsu.

A nan ne tsarin ya sha bamban da na Bankin Grameen da Muhammad Yunus ya kafa a Bangaladash a 1983, inda banki ne ke kawo jari ya ba talakawa rance. A Maraɗi kuwa, jarin na matan ne, ribar ma tasu ce. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda bai karɓi kuɗin wani ba, ba ya jiran umarnin wani.

Ilimi da Shugabanci

Rancen farko-farko ya tafi ne ga sana'o'in da mata suka saba: matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tuyar ƙosai, turkar rago, da sayen hatsi da kaka a sayar da bazara. Amma zaman mako-mako ya zama dandali. Ta nan ne aka riƙa shigo da azuzuwan yaƙi da jahilci, da wayar da kai kan lafiya, da batun barin 'ya'ya mata su ci gaba da makaranta. Macen da ke riƙe da lissafin ƙungiya tana ganin amfanin iya rubuta lamba da idonta, uwar da ke da abin hannu kuma tana iya sayen littafi da kayan makaranta ba tare da jiran maigida ba.

Shekarar 1991 ita ce kuma shekarar da matan Nijar suka yi zanga-zanga a Yamai, ranar 13 ga Mayu, suna neman a ƙara musu wakilci a shirye-shiryen Babban Taron Ƙasa. A 2000 aka kafa dokar da ta ware kaso mafi ƙaranci ga kowane jinsi a muƙaman zaɓe da na naɗi. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, an samu matan da suka koyi magana a bainar jama'a cikin waɗannan ƙungiyoyi sun tsaya takara, wasunsu kuma suka zama kansiloli. Ƙungiyoyin sun haɗu sun zama tarayya-tarayya, wasu har suka kafa rumbunan tsimi domin lokacin da hatsi ke tsada.

Yaɗuwa da Iyakoki

Daga Nijar tsarin ya ƙetara zuwa Mali, Zimbabuwe, Mozambik, Yuganda da Zanzibar, aka san shi a duniya da gajeren suna VSLA. Wasu ƙungiyoyi, irin su Oxfam, Plan da CRS, suka ɗauki salon suka yi masa nasu gyare-gyare. A yau miliyoyin mutane ne ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, har da arewacin Nijeriya.

Duk da haka, akwati yana da iyaka. Abin da matalauta suka tara ba ya isa sayen injin ban ruwa ko gina aji. Idan fari ya zo, kamar ƙarancin abincin da ya addabi Maraɗi a 2005, kowa rance take nema a lokaci guda, mai zubi kuwa ta yi ƙaranci. Wadda ta fi kowa talauci sau da yawa ba ta iya ko zubin mako. Akwai kuma batun ƙarin da ake biya a kan rance, wanda wasu malamai ke kallo a matsayin riba haramtacciya, abin da ya sa wasu ƙungiyoyi suka sauya yadda suke ba da rancen. Wani bincike da Dean Karlan da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, a kan Gana da Malawi da Yuganda, ya gano cewa tsarin ya inganta ƙananan sana'o'i da ƙarfin faɗa-a-jin mata a gida, amma bai nuna ƙaruwar abin da gidaje ke ci a jimlace ba.

Kammalawa

Mata Masu Dubara ba su kawar da talauci daga Nijar ba, kuma akwati ba zai maye gurbin makaranta da asibiti da hanyar mota da ke wuyan hukuma ba. Darajar tsarin a tarihi ita ce ya ɗore bayan tafiyar waɗanda suka kawo shi, saboda an gina shi a kan abin da mata suka riga suka sani, da kuɗinsu, da dokokinsu, da harshensu. Ayyuka da yawa masu ɗimbin jari sun mutu ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa, amma har yau a ƙauyukan Maraɗi ana shimfiɗa tabarma kowane mako, mata uku su fito da makullai.