Tarihin Furotin Masu Sarrafa Ginin Zuciya da Ake Haɗawa a Ɗakin Gwaji

Furotin masu sarrafa kwafi sinadarai ne da ke zaune a cibiyar ƙwayar halitta. Aikinsu shi ne su maƙale a wasu keɓaɓɓun wurare a jikin DNA, su ba ƙwayar gado damar a kwafe saƙonta zuwa RNA, ko kuma su hana. Ta haka ne ƙwayoyin jiki, duk da cewa DNA ɗinsu iri ɗaya ne, wata take zama tsoka, wata jijiya, wata hanta. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2018 ta nuna ɗan Adam yana da irin waɗannan furotin sama da 1,600. Kaɗan daga cikinsu ne ke riƙe da ragamar ginin zuciya tun jariri yana ɗan tayi, kuma fitattunsu su ne NKX2-5, GATA4, TBX5, MEF2C da HAND2.

Zuciyar ɗan tayi takan soma bugawa wajen kwana 22 da samuwar ciki, lokacin tana 'yar mitsitsiya, furotin ɗin da ke cikinta kuma bai taka kara ya karya ba. Babu yadda za a yi a tatso abin da zai isa gwaji daga nan. Dole ta sa masana suka koma sanya ƙwayar gadon mutum cikin bakteriya ko ƙwayoyin ƙwari, su bar su su ƙera furotin ɗin, sannan su tace shi. Muhimmancin binciken a fili yake: kusan jariri ɗaya cikin ɗari ana haifarsa da nakasar zuciya, wadda ita ce nakasar haihuwa mafi yawa a duniya.

Mafarin fahimta

A 1961 François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris suka bayyana cewa bakteriyar E. coli tana da wani sinadari da ke danne ƙwayoyin gadon narkar da sukarin madara har sai sukarin ya samu. Ba su ga sinadarin da idonsu ba, daga halayen bakteriyar suka gano akwai shi. Sai a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka ware shi a Jami'ar Harvard, suka tabbatar furotin ne.

A jikin dabbobi aikin ya fi wuya. Ɗakin gwajin Robert Roeder ne ya fara tace irin wannan furotin daga ƙwayoyin ƙwan kwaɗo a 1980. Na mutum da ya fara shahara shi ne Sp1, wanda William Dynan da Robert Tjian suka gano a 1983 a Berkeley. Kafin a samu ɗan abin da za a yi gwaji da shi, sai an noma ƙwayoyin mutum lita-lita an niƙe. A 1986 James Kadonaga da Tjian suka sauƙaƙa tacewar ta hanyar amfani da guntun DNA a matsayin tarko, amma duk da haka abin da ake samu kaɗan ne.

Koyon ƙerawa

Mafita ta zo ne daga wani fanni dabam. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna za a iya yanka DNA, a liƙa shi a jikin wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a sa cikin bakteriya ta riƙa hayayyafa da shi. Kamfanin Genentech ya ƙera insulin na mutum ta wannan hanya a 1978, aka amince da shi a matsayin magani a Amurka a 1982. Daga nan sai aka shiga neman dabarun da ƙaramin ɗakin gwaji zai iya amfani da su ba sai babban kamfani ba.

Uku daga cikin dabarun sun zama ginshiƙai. Ta farko ita ce tsarin T7 da William Studier ya fito da shi a Brookhaven a 1986, wanda ke sa E. coli ta bar yawancin harkokinta ta duƙufa kan ƙera furotin ɗaya. Ta biyu ita ce liƙa wa furotin alama don a iya zaƙulo shi daga cikin dubban furotin ɗin bakteriya. A 1988 Donald Smith da Kevin Johnson a Melbourne ta Ostiraliya suka yi amfani da wani furotin mai suna GST, wanda suka samo daga wata tsutsa 'yar uwar wadda ke jawo tsargiya. A daidai wannan lokacin masanan kamfanin Roche suka samar da alamar histidin, wato jerin amino asid guda shida da ke kama ƙarfen nikel. Ta uku ita ce hanyar Gale Smith da Max Summers na Jami'ar Texas A&M, ta 1983, inda ake amfani da wani bairos na ƙwari a sa ƙwayoyin ƙwari su ƙera furotin ɗin mutum. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su, Sf9, an samo su ne daga jinsin tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016.

Yadda aikin yake a kan tebur

Mai bincike yakan zuba bakteriyar da ke ɗauke da filasmid a cikin kwalba mai ruwan abinci, ya sa a na'urar jijjigawa a zafin digiri 37 har ruwan ya yi gurɓi-gurɓi. Sai ya ɗiga sinadarin IPTG, wanda shi ne ke kunna ƙerawar. Sau da yawa akan rage zafin zuwa wajen digiri 18 a bar shi ya kwana, domin furotin ya samu sukunin naɗewa daidai. Washegari a tattara bakteriyar, a farfasa ta, a bi da ruwan ta cikin wani bututu mai cike da ƙananan duwatsu masu nikel. Furotin mai alama ya maƙale, saura su wuce. A wanke, sannan a kwance shi da sinadarin imidazol. Ana duba tsabtarsa a kan faranti na jel da aka rina da shuɗi: idan layi ɗaya ya fito a inda ake zato, aiki ya yi. Daga nan a rarraba shi a ƙananan kwalabe a adana a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.

Waɗannan furotin suna da wuyar sha'ani. Babban ɓangaren jikinsu ba shi da tsayayyar siffa, don haka sukan dunƙule su zama gudaji marasa amfani a cikin bakteriya. Shi ya sa masana kan ƙera sashen da ke kama DNA kaɗai. NKX2-5, misali, yana da amino asid 324, amma sashensa mai kama DNA guda 60 ne kacal.

Gano masu ginin zuciya

A 1987 Robert Davis, Harold Weintraub da Andrew Lassar a Seattle suka gano MyoD, furotin guda ɗaya tak da ke iya mayar da ƙwayar da ba tsoka ba ta zama tsokar jiki. Wannan ya sa masana zuciya suka bazama neman nasu shugaban guda ɗaya.

Alamar farko ta fito daga ƙudan 'ya'yan itace. A 1993 Rolf Bodmer ya nuna cewa ƙudan da ya rasa wata ƙwayar gado da ya sa wa suna tinman ba ya yin zuciya kwata-kwata. A shekarar dai ɗakin gwajin Richard Harvey a Melbourne, da kuma Issei Komuro da Seigo Izumo a Amurka, suka gano takwararta a jikin ɓera, wato Nkx2-5. Amma da aka cire ta daga ɓera a 1995, sai aka ga bututun zuciya ya samu, har yana bugawa, lanƙwasawar da zai yi ya zama ɗakuna ce ta gagara. Ashe ba ita kaɗai ke da iko ba.

Haka labarin ya yi ta maimaituwa. David Wilson da abokan aikinsa sun bayyana GATA4 a 1993. Ɓeran da ya rasa shi yakan yi tsokar zuciya, amma ɓarayinta biyu ba sa haɗuwa su zama bututu ɗaya. Ɗakin gwajin Eric Olson ya nuna a 1997 cewa rashin MEF2C ko HAND2 yana hana ɗakin ƙasa na dama samuwa. A ɓangaren mutane kuwa, tun 1960 likitoci biyu na Landan, Mary Holt da Samuel Oram, suka bayyana wani dangi da ke gadon rami a zuciya haɗe da nakasar babban yatsan hannu. A 1997 rukuni biyu, na Christine da Jonathan Seidman a Harvard da na David Brook a Nottingham, suka gano cewa lahani a TBX5 ne sanadi. Bayan shekara guda rukunin Seidman ya danganta NKX2-5 da rami tsakanin ɗakunan sama da kuma tangarɗar saƙon lantarkin zuciya.

Abin da furotin ɗin gwaji suka tona

Cire ƙwayar gado daga ɓera yana nuna abin da ke lalacewa, amma ba ya nuna dalili. Nan ne furotin ɗin da aka ƙera suka yi rana. Gwajin da aka fi yi da su, wanda aka ƙirƙiro a 1981, mai sauƙi ne: a haɗa furotin da guntun DNA mai alama, a sa su tsere a cikin jel da ƙarfin lantarki. DNA da furotin ya kama yakan yi nauyi ya tsaya baya, wanda ba a kama ba ya wuce gaba. Da wannan aka tantance jerin haruffan da kowanne ke nema: GATA4 yana neman haruffan GATA da ke cikin sunansa, NKX2-5 kuma jeri irin TCAAGTG. Da shi ne kuma ake kwatanta lafiyayyen furotin da irin wanda aka samu a jikin maras lafiya, a ga ko kamun ya yi rauni.

Gwaji na biyu shi ne a ɗaure furotin ɗaya a jikin duwatsun tacewa a ga wa zai kama. A 1997 Daniel Durocher da Mona Nemer a Montreal ta Kanada suka nuna cewa NKX2-5 da GATA4 suna riƙe juna, kuma tare suke kunna ƙwayar gadon ANF, wani sinadari da zuciya ke fitarwa don daidaita gishiri da ruwan jiki, fiye da yadda kowanne zai yi shi kaɗai. A 2001 aka ga haka tsakanin TBX5 da NKX2-5. A 2003 Vidu Garg da Deepak Srivastava a Dallas suka binciki wani babban dangi mai gadon ramin zuciya, suka tarar amino asid ɗaya ne ya sauya a GATA4, a matsayi na 296, kuma wannan sauyin ya raunana kamun DNA ya kuma raba shi da TBX5. Nan aka fahimci abin da ya sa lahani a ƙwayoyin gado mabambanta ke haifar da rami iri ɗaya: ginin zuciya aikin gayya ne, idan ɗaya ya janye sai na sauran ya taɓu.

A 2002 Lisa Cirillo da Kenneth Zaret a Philadelphia suka yi amfani da tsabtataccen GATA4, a wani bincike kan ƙwayoyin gadon hanta, suka nuna yana iya kutsawa cikin DNA da ke ƙudundune ya buɗe shi. Daga baya aka shiga daskarar da furotin ɗin a ɗauki hoton siffarsu da hasken eksire. An fitar da siffar sashen TBX5 mai kama DNA a 2010, ta NKX2-5 a 2012, sannan a 2016 rukunin Benoit Bruneau da na Christoph Müller suka nuna su biyun zaune kafaɗa da kafaɗa a kan DNA na ANF.

Yunƙurin juya ƙwayoyi

A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya mayar da ƙwayoyin ɓera zuwa halin ƙwayoyin ɗan tayi da masu sarrafa kwafi guda huɗu. A 2010 Masaki Ieda da Srivastava, a Cibiyar Gladstone ta San Francisco, suka fara da guda 14 suna ragewa har suka tsaya a kan uku, Gata4, Mef2c da Tbx5, waɗanda suka mayar da ƙwayoyin da ke saƙa tabo su zama masu kama da tsokar zuciya. A 2012 rukunin Srivastava da na Olson, wanda ya ƙara Hand2, suka yi haka a cikin zuciyar ɓera mai rai bayan ciwon bugun zuciya, tabon ya ragu.

Duk waɗannan da bairos aka shigar da ƙwayoyin gadon, shi kuwa yana iya dasa DNA ɗinsa a wurin da zai yi ɓarna. Sai tunani ya koma kan shigar da furotin ɗin kansa, tunda yakan yi aikinsa ya narke ba tare da ya taɓa gado ba. Ƙofar shiga an san ta tun 1988, lokacin da aka lura furotin Tat na ƙwayar cutar HIV yana ratsa bangon ƙwayar halitta da kansa. A 2009 rukunin Sheng Ding a Cibiyar Scripps ya liƙa wa furotin huɗu na Yamanaka jerin amino asid mai irin wannan hali, ya samu nasara a ƙwayoyin ɓera. A 2012 rukunin Robert Schwartz a Houston ya gwada furotin ETS2 da MESP1 masu ɗauke da Tat a kan ƙwayoyin fatar mutum, a 2013 kuma masana a Cibiyar Royan ta Tehran suka ba da rahoton cewa furotin ISL1 yana ƙara yawan ƙwayoyin zuciya da ake samu daga ƙwayoyin ɗan tayi.

Matsayinsu a yau

Hanyar furotin ba ta kamo ta bairos ba wajen inganci. Yawancin abin da ya shiga ƙwayar halitta yakan maƙale a cikin 'yan jakunkunan da ke haɗiye shi, bai kai cibiya ba, wanda ya kai kuma ba ya daɗewa, sai an yi ta maimaitawa. Bakteriya ba ta iya yi wa furotin ƙananan gyare-gyaren da ƙwayar mutum ke yi masa, waɗanda su ke ƙara masa ƙarfi ko rage shi. Ƙwayoyin mutum ma sun fi na ɓera taurin kai, guda uku ba sa isarsu. Don haka masu neman magani da yawa sun karkata ga RNA da ingantattun bairos.

A matsayin kayan aikin bincike kuwa, kasuwarsu na ci. Kamfanoni suna sayar da su a ma'aunin maikurogiram, waɗansu daga bakteriya, waɗansu daga ƙwayoyin mutum, waɗansu daga ruwan ƙwayar alkama. Ana amfani da su wajen samar da sinadaran da ke gano furotin a yankan nama, da tantance wuraren da ɗaruruwan masu sarrafa kwafi ke kamawa a lokaci guda. Yayin da karanta DNA na marasa lafiya ke ƙara araha, ana ta samun sababbin sauye-sauye a NKX2-5, GATA4 da TBX5 waɗanda ba a san ko su ne sanadin cuta ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin warware wannan shi ne a ƙera furotin mai sauyin, a gwada shi gefe da gefe da lafiyayye, a auna kamun DNA ɗinsa da riƙon abokan aikinsa.