Startup Repair

Startup Repair manhaja ce da kamfanin Microsoft ya sanya a cikin Windows domin gyara kwamfutar da ta ƙi tashi. Ta fara fitowa ne tare da Windows Vista a shekarar 2007. A Windows 8, wadda ta fito a 2012, an kira ta Automatic Repair. Takan kunna kanta idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu a jere.

Matsala

Wani lokaci gyaran ne ke zama matsalar: kwamfuta ta shiga gyara, ta kasa, ta mutu, ta sake kunnuwa, ta koma gyaran, ba tare da ta buɗe ba. Daga cikin dalilan akwai lalacewar fayilolin da ke tayar da Windows, tsufan hadis ɗin ajiyar bayanai, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja, abin da ke barazana ga kwamfutoci a yankunan da lantarki ba ya tsayawa, kamar Makoda a jihar Kano.

Magancewa

Akan fara da cire filashi da sauran na'urorin da aka jona. Manhajar tana rubuta sakamakon bincikenta a fayil mai suna SrtTrail.txt, wanda masu gyara ke dubawa. Daga nan akan yi amfani da System Restore a mayar da Windows yadda take kafin matsalar, ko umarnin bootrec /rebuildbcd domin sake gina bayanan tayarwa, ko chkdsk domin binciken hadis.

Kafin a sake loda Windows, ana so a kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa wata ma'ajiya, domin lodin yana iya goge su gaba ɗaya.