Wa Ya Shata Unguwannin Waje a Kano?

Kafin zuwan Turawa a shekarar 1903, rabon fili a birnin Kano yana hannun Sarki ne, ta hanyar masu unguwanni. Ba a jin bakin talaka kamar na bafada, amma dai mai ba da fili ya san fuskar mai karɓa, maƙwabta kuma su ne shaidun iyaka.

Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai al'amari ya sake. Aka keɓe Nasarawa ga Turawa, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabo. Ƙa'idar zamanin ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. A takarda, mulki ta hannun sarakuna ake yin sa, ana shawara da Sarki Abbas. Sai dai Razdan ke riƙe da taswira, safiyo nasa ne, kuma Sarkin da ake shawarar da shi Turawan ne suka naɗa shi. Mazauna Sabon Gari kuwa, sai a 1940 aka mai da su ƙarƙashin En'e ta Kano, shi ma hukunci ne daga sama.

Tsarin raya Kano na shekara ashirin da Trevallion ya rubuta, 1963 zuwa 1983, ya tarar da rarrabuwar nan ta riga ta kafu. Dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar birane a hannun Gwamna.