Kwalejin Jinya Ta Kafanchan: Yadda Ta Kafu Da Inda Ta Kai

A ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Katsina daga cikin Jihar Kaduna. Raba jiha kamar rabon gado ne, abin da ke ƙasar kowa shi ne nasa. Tsohuwar makarantar koyon jinya ta Katsina, wadda ta daɗe tana yaye wa asibitocin gwamnati ma'aikata, ta bi sabuwar jiha. Kaduna ta tashi da asibitoci birjik da buƙatar makarantar kanta. A 1989 aka kafa ta a Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a.

Zaɓen Kafanchan ya yi daidai. Tun 1927 garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal ke rabuwa, wani ya nufi Kaduna wani ya hau Jos. Jirgi ya tara mutane, yawan mutane kuma ya kawo babban asibiti. Jinya ba a iya ta a aji kaɗai. Sai ɗalibi ya tsaya a bakin gado, ya auna zafin jiki da hawan jini, ya wanke gyambo, ya kwana a farke kusa da wanda aka fito da shi daga tiyata. Babban Asibitin Kafanchan, wanda aka sa wa sunan Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa bayan rasuwarsa a Disamba 2012, shi ya ba makarantar waɗannan gadaje.

Kuma ƙasar ba baƙuwar wannan aiki ba ce. 'Yan mishan sun buɗe asibitin Vom a 1922, suna da na Wusasa kusa da Zariya, suna da ɗakin magani a Kagoro, ga kuma asibitin Saint Louis a Zonkwa inda aka horar da ungozomomi. A irin waɗannan wurare 'ya'yan kudancin Kaduna suka fara sa farar riga, tun lokacin da iyaye da yawa a Arewa ke ganin abin kunya ne ɗiyarsu ta kwana a asibiti tana kula da namijin da ba nata ba. Duk wanda ya yi jinya a asibitocin Kano, Sakkwato ko Zariya shekarun baya ya san yawan "sista" da suka fito daga wannan yanki. Arewa na da bashinsu a wuya, kuma ba a cika faɗa ba.

Makarantar ta shigo cikin tsarin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa. An kafa hukumar ungozomomi a Nijeriya a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su a 1979 suka zama Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Ita ke duba makaranta ta amince da ita, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasisi. Wannan ƙayyadewa takan ɓata wa iyaye rai idan an fitar da sunaye babu na ɗansu, amma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Idan ɗalibai suka fi malamai da gadaje yawa, wanda zai sha wahalar abin shi ne majinyacin da za a ɗaura wa ruwa da hannun da bai ƙware ba.

A tsarin da makarantar ta fara da shi, karatun asali shekara 3 ne. Watannin farko na gwaji ne, kuma nan ake tankaɗe da rairaya. Wanda ya tsallake ne ake yi wa bikin sa hula, ya ɗauki alkawarin riƙe amanar marar lafiya da sirrinsa. Daga nan sai ilimin sassan jiki, sanin magunguna da ƙa'idar ba da su, kula da yara, kula da masu taɓin hankali, da fita ƙauyuka aikin rigakafi.

Da tafiya ta yi tafiya makarantar ta zama kwaleji, aka ƙara mata horar da ungozomomi. Gwamnatin jiha ta haɗa ta da makarantar ungozoma ta Tudun Wada a Kaduna da wani reshe a Pambegua, duka a ƙarƙashin suna ɗaya, Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna. A ƙasa baki ɗaya ma tsarin yana sauyawa, kwalejojin jinya suna komawa ba da babbar difloma, shigarsu kuma ta hanyar jarrabawar JAMB.

To amma tarihin wannan kwaleji ba ya cika sai an kalle shi daga gari irin Godogodo, wanda ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya da ita. A can, idan naƙuda ta tsananta da tsakar dare, ko yaro ya fara shiɗewa saboda zazzaɓin cizon sauro, ba likita ake fara gani ba. Nas ce ko ungozoma a ƙaramin asibitin gari, ita za ta gane jinin da ke zuba ya wuce kima, ita za ta ce a nemo mota yanzu-yanzu a wuce Kafanchan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. Da yawa daga cikin irin waɗannan mace-mace jinkiri ne ke jawo su, kuma maganin jinkiri shi ne ƙwararriya a kusa.

Godogodo ta ɗanɗana bala'i a Oktoba 2016, lokacin da aka kai wa garin hari, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje. Rikicin ya bazu a yankin har gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta rufe manyan makarantu uku: Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan, da ita kwalejin jinya. Sai bayan watanni, cikin 2017, aka sake buɗe su. Tsare ran ɗalibai wajibi ne, babu mai musu. Sai dai abin ya yi mini zafi, domin daidai lokacin da yankin ya fi buƙatar masu ɗaure rauni, wurin horar da su yana kulle. A ajin wannan kwaleji Bajju da Atyap da Bahaushe da Bafulatani suke zama benci ɗaya, su koyi cewa ba a tambayar addinin wanda aka kawo a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Wurare kaɗan ne a kudancin Kaduna ke yin wannan aiki.

Yau ƙalubalen ya sauya kama. A farkon 2024 Majalisar Jinya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3, yawancinsu zuwa Ingila, Amurka, Kanada da Saudiyya. Ba na zargin wanda ya tafi. Mai aikin dare da tocila a ɗaki mai cike da majinyata, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, yana da hujja. Waɗanda suka rage kuma sun fi taruwa a Kaduna da Zariya.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Jama'a, Sanga, Kaura, Jaba da Zangon Kataf: ku ɗauki nauyin 'ya'yan ƙauyuka su shiga Kafanchan, musamman karatun ungozoman karkara na shekara 2, ku ba su aiki da zarar sun gama, ku gina musu wurin kwana a jikin asibitin, ku biya su alawus ɗin zaman ƙauye a kan kari. Iyayen Godogodo kuma, wanda ɗiyarsa ta ci darussan kimiyya a sakandare, ya saya mata fom.