Mindar Soja da Sunan da ke Gefenta

A Ingila akwai masu kashe kuɗi wajen tara mindar sojan ruwa, ta yaƙi da ta daɗewa a bakin aiki, kuma abin da suke saye a zahiri shi ne sunan da aka sassaƙa a gefenta, domin da shi ake bin sawun mutum a kundin gwamnati. Makoɗa, garinmu a ƙasar Kano, ba ta da teku, amma labarin ya taɓa mu, tunda hafsan sojan ruwa ne, John Glover, ya tara rundunar Hausawa a Ikko a 1863, wadda sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushensa. Ra'ayina shi ne mindar da ke kwance a ƙasan adaka a ƙauyukan Kano shaidar tarihi ce, bai kamata ta ƙare a hannun maƙeran farfaru ba.

Dubi mindar azurfa da Turawa suka fito da ita a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka. Tana ɗauke da kan Sarki Edward na 7, ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da koren zane biyu, kuma akan maƙala mata ɗan ƙarfe mai nuna Arewacin Najeriya, 1903. Shekarar ke nan da Kanar Morland ya ci Kano, ran 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato. Wani zai ce ai tukwicin cin ƙasarmu ne, me za a adana? Ƙorafin yana da ƙarfi, sai dai ya tsallake abu guda. Turawan rundunar Morland ba su kai 50 ba, sauran sama da 700 baƙar fata ne, da yawansu Hausawa, wasu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Tarihin fada bai riƙe sunayensu ba, waƙa ma ba ta yabe su ba. Gefen mindar ne ya riƙe suna da lambar soja. Narkar da ita ba ya wanke kowa, kawai yana sauƙaƙa mana mu ce baƙi ne kaɗai suka yi aikin.

Ta 'yan Bama ta fi rauni. Mazan jiyan da suka bi runduna ta 81 da ta 82 zuwa Kaladan da Arakan na ƙasar Bama a yaƙin Hitila sun dawo da tauraro mai tsini 6, amma Ingila ta raba taurarin wannan yaƙi babu suna a jikinsu. Idan aka raba shi da littafin sallamar mai shi, wanda gara kan riga magada kaiwa gare shi, ba mai iya cewa na wane ne. Dillalan kayan tarihi sun san haka, shi ya sa tauraro shi kaɗai ba ya tsada a wurinsu, sai in ya zo da takardunsa.