Zoɓo: Daga Gefen Gona Zuwa Bakin Teku

A Afirka ta Kudu akwai wani ɗan tsiro da ake kira ruyibos, wanda ba ya fitowa sai a yankin duwatsun Sidabag. Ana shanya ganyensa a dafa kamar shayi, amma ba ya ɗauke da kafeyin, wato sinadarin nan da ke cikin goro da kofi da ganyen Lipton, mai korar barci. Mutanen Koyi da San ne suka fara saninsa. A 1904 wani ɗan kasuwa, Benjamin Ginsberg, ya soma fataucinsa. A 2019 aka amince a riƙa ba waɗannan ƙabilu kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da manoma ke sayar da shi. A 2021 kuma Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya.

Mun kawo wannan ne domin mu ma muna da namu, sai dai alƙalumanmu sun yi masa rowar tawada. Muna nufin zoɓo.

Duk wanda ya san karkarar arewacin Kano, irin su Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunci, ya san ba a barin ƙasa ta huta. Gona na jingine da gona, abin da ya sa Michael Mortimore ya yi nazarin kewayen Kano a shekarun 1960. A irin wannan matsi yakuwa ta sami gurbinta: tsakiyar gona ta gero da dawa da gyaɗa ce, ita kuwa sai gefe, inda takan zama shaidar iyaka tsakanin maƙwabta. Ba ta neman taki mai yawa, tana kuma jure ƙarancin ruwa. Ganyenta na miya da fate, 'ya'yanta, wato gurguzu, na daddawar batso, jan kwanson kuma a shanya don sha. Aikin ɓarar da shanyar galibi na mata da yara ne, shi ya sa ba a lissafa ta cikin amfanin gona na a-zo-a-gani.

Gyaɗa ce 'yar gata tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ita aka yi wa dala, ita aka buga hotonta. Da farin 1973 da cutar 1975 suka karya ta, yakuwa na nan gefe ba ta ce uffan ba. Abin da ya ɗaga darajarta a gida shi ne firji da leda: a dafa da citta da kanumfari, a zuba sukari, a ƙulla, a kai bakin makaranta da tasha, balle da azumi. Mata nawa ne a cikin kulle suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da wannan ƙulli? Ga jigon labari, ya 'yan'uwa marubuta, ya fi wata soyayyar da muke ta nanatawa.

Daga baya sai ga dillalai. Buhunan zoɓo na taruwa a Dawanau da Maigatari, a loda su zuwa Legas, a tsallaka da su teku, mafi yawa zuwa Meziko. A can sunansa hamaika. A Masar da Sudan karkade, a Senigal bisab. Na ruyibos kuwa, duk inda kwalinsa ya je, da sunan gidansu yake zuwa.