Daga Kafiretar Fijo Zuwa Tukunyar Gas: Tarihin Gyaran Mota a Ƙofar Gida

Wannan makon ƙarƙashin bonet za mu leƙa. Kowa ya san maigidan da zai tuɓe babbar riga ranar Asabar da hantsi, ya aiki yaro ya ɗauko sifana mai lamba goma da sha uku, ya ce yau shi zai gyara motarsa da kansa. Wannan ɗabi'a tamu tana da asali, kuma akwai zamanin da take biya. Daga baya mota ta canza, hannunmu bai canza ba, asara ta fara shigowa.

Mu fara da ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon. A ranar Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Motocin da ke kan titi a lokacin galibinsu sitiyarinsu a dama yake. Juya sitiyari ya zama sana'a, kuma har gobe ana yi wa motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan. Aikin ya wuce cire sitiyari a mayar da shi ɗaya gefen. Sai an matsar da fedar birki da ta kuloci da totur, an sake hanyar bututun man birki, an yanka dashbod. Inda aka samu wanda bai ƙware ba, walda yake yi wa ƙarfen sitiyari don ya kai, kuma waldar ba ta zaɓar ranar da za ta saki. Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan motoci.

Amma makarantar da ta koya wa Arewa kanikanci a Kakuri take, cikin Kaduna. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a can, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Fijo 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama motar gwamnati, motar malamin makaranta, motar haya daga Kano zuwa Maiduguri. A shekarun nan ne kuma aka kafa wuraren haɗa manyan motoci, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, ita kuma Volkswagen tana Legas.

Abin da ya sa 504 ta zama malama shi ne komai nata a fili yake. Ka buɗe bonet, ga kafireta, ga distiribita da kwantak a ciki, ga fulogi huɗu, ga fambel, ga lagireto, kuma akwai sararin da hannu zai shiga. Injin yana buƙatar mai da iska da wuta, kuma duka ukun mutum yana iya bin sawunsu da ido. In ta ƙi tashi, a goge kwantak da sanfefa. In tana shaƙewa, a kwance kafireta a wanke da fetur, a hura jet da baki. In famfon mai ya mutu a daji tsakanin Potiskum da Damaturu, a ɗaure galan a saman rufi, a zuro tiyo zuwa kafireta, mai ya riƙa gangarowa da kansa har a isa gari. Da yawanmu mun zauna a gaban mota muna riƙe da wannan galan a cinya, tagar a buɗe, ana roƙon kada kowa ya kunna taba.

Dabarun hanya na wancan zamani suna da yawa, kuma dole a yi musu adalci: wasu sun fitar da mutane daga daji da dare. Tankin mai ya tsage, a murza sabulu a toshe. Lagireto na yoyo, a fasa ɗanyen ƙwai a ciki ko a zuba garin barkono, zafi ya dafa shi ya liƙe ramin. Robar tsohon tif kuwa babu abin da ba ta ɗaurewa. Matsalar ita ce dabarar da aka yi don a kai gari sai ta zauna a motar shekara biyu. Ƙwan da ya toshe rami ɗaya yana toshe ƙananan hanyoyin ruwa goma. Fis ya ƙone, maimakon a nemi abin da ya ƙona shi, sai a naɗa masa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Shi fis an yi shi ne don ya mutu a madadin wayarin mota. In ka hana shi mutuwa, waya ce za ta yi zafi ta narke a bayan dashbod, kuma motoci da dama da muka gani suna cin wuta a bakin titi daga nan abin ya faro. Mafi muni a cikinsu shi ne ruwan omo a madadin man birki. Yana kamawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai an zo gangare birki ya ɗau zafi, ruwan ya tafasa, ƙafa ta tafi har ƙasa.

Shekarar 1986 ta sauya komai. Gwamnatin Babangida ta kawo SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa, waɗanda muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, da yawansu ta tashar jirgin ruwan Kwatano, su ratso Nijar su shigo ta iyakar Katsina. Kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka bunƙasa. Motocin farko da suka zo masu kafireta ne, hannunmu ya san su. Amma a hankali injekta ta kori kafireta, kwamfuta ta shiga mota, wadda kanikawa suka sa wa suna birenbos. Daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin da ake jona na'ura ta faɗi ciwon da ke damun injin. Mu kuma muka tarbi waɗannan motoci da ilimin 504.

A nan za mu ɗan tsaya, don nan ne kuɗin mutane ya fi ƙonewa. Abu na farko da ake yi wa 'yar Beljiyam in ta iso shi ne a cire tamostat, a ce wai na ƙasar sanyi ne, sannan a jona fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota. Hujjar tana da daɗin ji, ga zafin Sakkwato a watan Afrilu. Amma tamostat ƙofa ce kawai da ke tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ta buɗe. In babu ita, da safe da lokacin hunturu injin yana daɗewa bai ɗumama ba. Kwamfuta tana ganin sanyi, sai ta ƙara zuba fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ring yana cinyewa a hankali. Mai mota yana kukan shan mai, bai san shi ya biya aka jawo masa ba. Kuma in mota tana zafi da gaske, yawanci lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji. Me ya toshe lagireton? Ruwan rijiya da muke ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji na gwangwani, wanda ke ɗauke da maganin tsatsa.

Sai batun batir. A zamanin Fijo, in ana so a gane ko caji na aiki, sai a zare kan batir injin na tafiya. In bai mutu ba, lafiya lau. Haka nan in motar maƙwabci ta ƙi tashi, a ɗora mata batirin wata, in ta tashi a zare a mayar da nata. Mu kanmu mun yi wannan wa wata Honda ta gidanmu da safiyar wata sallah, ana sauri a tafi idi. Ta tashi, muka zare, ta mutu, ba ta sake tashi ba. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar da altaneta ke bayarwa, da muka cire shi wutar ta haura ta ƙona birenbos. Muka tafi idi a ƙafa, motar ta yi wata guda a ƙofar gida awaki na kwana a ƙarƙashinta kafin a samo wani da ya dace da ita.

Indomi ma ta sha wuya a hannunmu, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda cikinta ke kama da taliyar. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su filatinam, don haka tana da masu saye. Wani da kansa yake cirewa wai mota ta ƙara gudu, wani kuma a gareji ake sauke masa bai sani ba. Fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod, maganinta a wurinmu baƙin salatif ne. Daga ranar, ko wani ciwon na gaske ya taso, babu mai gani.

Ba za mu wuce ba mu ambaci jak ba, don wannan ya wuce asarar kuɗi. Jak an yi shi ne ya ɗaga mota a canza taya. Mutum ya shiga ƙarƙashi ya kwanta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita a kan rairayi, ko bulon siminti da ke iya farfashewa, unguwanni da yawa suna da labarin wanda aka zaro a haka. Haka murfin lagireto: a buɗe shi injin na tafasa, ruwa ya yi tsalle ya sami fuska da ƙirji.

Babi na baya-bayan nan ya buɗe ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Jama'a suka koma neman gas, janareta ma aka riƙa mayar da shi kan tukunyar girki. Ga mota kuwa, iskar CNG ana matsa ta ne har wajen ba 200, ninkin-ba-ninkin abin da tukunyar girki ke ɗauka, don haka tukunyarta ƙira ce ta musamman mai kauri, ba a yi mata walda. A watan Oktoba na 2024, a wani gidan sayar da gas a birnin Benin, wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata, mutane suka jikkata. Da aka duba, tukunyar da ke cikinta haɗin mai walda ce.

Dabarar galan a saman rufi da wannan tukunya daga tunani ɗaya suka fito, na mutumin da abu ya fi ƙarfin aljihunsa ya nemi mafita da abin da ke hannunsa. Galan in ya zube, a tsaya a goge. Yanzu haka a garuruwanmu akwai masu tambayar nawa mai walda zai haɗa musu tukunya, saboda kuɗin ta gaske ya yi musu yawa, kuma but ɗin da za a ajiye ta yana jingine da kujerar baya, inda yara ke zama.